WhatsApp, Telegram ko Google Docs: a ina ya kamata aikin binciken ɗalibi ya zauna?

Duk malamin da ke duba ayyukan kammala karatu a Katsina, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa yake, ko Al-Qalam, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da zarar an raba masa ɗalibai zai dubi ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ka buɗe mana guruf." Ba a tambayar wane iri, kowa ya san WhatsApp ake nufi. Haka abin yake a Dutsin-ma, haka yake a Daura. Ba zama aka yi aka zaɓa ba, abin da ke hannu aka ɗauka. Ni kuwa ina ganin zaɓin ya isa a zauna a kansa, domin inda aka ajiye aiki shi zai nuna ko bayan wata shida za a iya sanin wanda ya rubuta me, a wace rana, da abin da malami ya ce a kai.

Rigingimun furojek ba su da yawa, su ne dai suke dawowa kowace shekara. Ɗalibi ya ce, "Wallahi Malam na turo babi na uku tun kafin azumi," malami ya ce bai gani ba. Malami ya ce ya hana a bi wata hanyar nazari, ɗaliba ta ce ba a taɓa gaya mata ba. Ga aikin da aka sayo ɗungurungum a shagon kwamfuta aka canza suna da gari. Ga takardun tambayoyi da mutum ɗaya ya zauna a ɗakinsa ya cike su yana canza biro. Tun da ChatGPT, manhajar da ke yi wa mutum rubutu in ya tambaye ta, ya fito a ƙarshen 2022 kuma, sai ga babi guda ya tsiro cikin dare ɗaya, da sunayen littattafan da ba a taɓa bugawa ba. A duk waɗannan abu ɗaya ake rasawa, wato sawu. Shi ya sa tambayata ta farko ga kowace manhaja ita ce: tana barin sawun da za a iya bi? Sai kuma ko talakan ɗalibi mai ƙaramar waya da ƙaramar data zai iya da ita, da kuma ko tana rufa asirin wanda ya kamata a rufa wa.

WhatsApp ba shi da abokin karawa wajen isar da saƙo. Kowa yana da shi, ba ya buƙatar koyarwa, yana lallaɓawa ko da sabis ya yi rauni, kuma kamfanonin waya na sayar da ƙaramar data ta kafofin sada zumunta mai rahusa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Guruf ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, ana iya tura fayil har na gigabayit 2, kuma tun 2016 saƙonninsa a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa. In malami yana son ya ce, "Gobe ƙarfe goma a ofis," babu inda ya fi nan.

Amma aikin bincike ba sanarwa ba ne. Ɗalibi zai turo "Babi na biyu", a yi gyara, ya turo "Babi na biyu gyararre", sannan "gyararre na ƙarshe", sannan wani na ƙarshen. Kowanne fayil ne mai zaman kansa, babu abin da ke nuna bambancin wannan da wancan sai malami ya buɗe biyun ya bi layi-layi, ga ɗalibai goma ko fiye suna jira. Gyaran ma sau da yawa da saƙon murya ake yin sa saboda ya fi sauƙi, shi kuwa saƙon murya ba a lalubo shi da kalma, sai an bi ɗaya bayan ɗaya ana saurare. Babbar illar ita ce tattaunawar a cikin waya take zaune. An sace waya a tasha, ko ta faɗa ruwa, in ba a saita ajiya a Google Drive ba, shi ke nan watanni sun tafi. Mai saƙo yana da minti 15 ya sauya abin da ya rubuta, yana da kusan kwana biyu ya goge shi ga kowa, kuma ana iya kunna tsarin da saƙonni ke ɓacewa da kansu bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Wanda aka saka a guruf daga baya ba ya samun dukkan abin da ya wuce.

Akwai wani abu da mu malamai maza ba mu cika lura da shi ba. A guruf na WhatsApp lambar waya ce shaidar mutum, kuma ɗalibai mata sun san abin da ke biyo bayan yawon lambarsu a hannun waɗanda ba su ba. Wata matar aure ce, wata iyayenta da ƙyar suka bar ta ta zo karatu. Sannan WhatsApp yana sauƙaƙa komawa gefe: a bar guruf a koma saƙo tsakanin mutum biyu, inda babu ido na uku. A nan ne ake jin ƙorafin neman kuɗi, ko neman abin da ya fi kuɗi muni, kuma a nan ne malamin kirki ma ake iya yi masa ƙazafi ya rasa shaida. Duk wanda zai tsaya a WhatsApp, to ya kafa doka tun ranar farko cewa maganar aiki a guruf ake yin ta, a kashe ɓacewar saƙo, kuma duk ƙarshen wata admin ya fitar da tattaunawar a matsayin fayil ya tura wa kowa ta imel. Manhajar tana ba da damar yin haka.

Telegram, wanda Pavel Durov da ɗan'uwansa Nikolai suka fito da shi a 2013, ya toshe wasu daga cikin waɗannan ramukan. Saƙonni da fayiloli a rumbun kamfanin suke, ba a waya kaɗai ba, don haka in waya ta ɓata, da mutum ya dawo da layinsa ya shiga zai tarar da komai. Ana iya saita guruf yadda sabon shiga zai ga tarihin baya, ana iya raba shi gida-gida, kowane ɗalibi ko kowane babi da nasa ɗakin, kuma mutum na iya ɓoye lambarsa ya bar sunan laƙabi. A matsayin rumbun ajiyar littattafai da muƙalu na aji guda, ya fi WhatsApp nesa ba kusa ba. Sai dai guruf ɗinsa ba shi da irin kullen WhatsApp, kuma wajen barin sawu yana da rauni mai hatsari: a hirar mutum biyu, kowane ɓangare na iya share tattaunawar daga wayoyin biyu a kowane lokaci ba tare da alama ba. WhatsApp aƙalla yana barin shaidar cewa an goge saƙo. Ga shi kuma ɗalibai da yawa ba sa leƙa shi kullum, sai an bi su ta WhatsApp an ce su je su duba. Matsalar fayil a kan fayil kuwa tana nan yadda take.

A nan Google Docs ya sha bamban da su biyun, domin shi ba wurin tura aiki ba ne, wurin yin aikin ne. Takarda ɗaya ce tal, ɗalibi na rubutu a ciki, malami na shiga ya karanta a cikinta. Babu "na turo", babu "ban gani ba". Malami zai zaɓi jimla ya manna mata sharhi a gefe, sharhin ya fito da sunansa da rana da lokaci, ɗalibi ya amsa a ƙasansa. In ya kunna yanayin ba da shawara, duk abin da ya goge ko ya ƙara zai fito da launi kamar jan biro, sai ɗalibi ya karɓa ko ya ƙi. Abin da ya fi komai daraja shi ne tarihin takardar. Ana buɗe shi a ga yadda babin yake a makon jiya da watan jiya, da wanda ya rubuta kowane sashe, kowa da launinsa. Ana iya raɗa wa wani mataki suna, misali "babi na biyu kamar yadda aka miƙa", ya zauna a matsayin shaida.

Ka duba abin da wannan ke yi wa aikin rukuni, irin wanda ake ba ɗaliban difloma ko na NCE su huɗu ko biyar. Kowa ya san yadda ake yi: mutum ɗaya ya yi wahala, sauran su kawo kuɗin buga takarda, maki ya zo daidai. A tarihin Google Docs gani ya kori ji. Haka nan aikin da aka gina sannu a hankali kamanninsa daban ne: sakin layi yau, gogewa gobe, sauya tsari jibi. Wanda aka kwaso daga wani wuri kuwa shafi ashirin ne za su faɗo cikin minti ɗaya. Manhajojin gano satar rubutu irin su Turnitin kamanceceniya da abin da ke rumbunsu suke nema, don haka aikin da aka biya wani ya rubuta sabo fil yana iya wuce su lafiya lau. Tarihin rubutu shi yana nuna yadda aka haifi aikin ne.

Sai dai a yi adalci. Faɗowar shafuka da yawa lokaci guda ba hujjar sata ba ce. Ɗalibin da ba shi da data zai iya rubuta babinsa a littafi ko a Word na tsawon mako biyu, ranar da ya samu sabis ya zuba shi gaba ɗaya. Wanda kuma ya sayi aiki zai iya zama yana kwafa da hannunsa kaɗan-kaɗan. Abin da tarihin ke bayarwa dalilin tambaya ne: a kira ɗalibi a ce, "Zauna ka bayyana mani wannan sakin layin, ina ka samo wannan adadin?" Minti biyar sun isa a gane. Kuma madubin yana haska malami kamar yadda yake haska ɗalibi. In babi ya yi wata biyu ba a taɓa shi ba, kwanan wata zai faɗa. Na san wannan ne ke sa wasu abokan aiki ja da baya, ni kuma shi ne ya fi jan hankalina, domin ɗaliban da suka ƙara shekara saboda aikinsu ya kwana a teburin wani ba su da bakin magana.

Akwai ƙananan saituttuka da in an kuskure su amfanin ya tafi. Ɗalibi shi ya kamata ya mallaki takardar, aikinsa ne. Amma malami sai an ba shi izinin gyara, domin wanda aka ba izinin karatu ko sharhi kaɗai ba ya ganin tarihi. In sashe yana da jami'in kula da furojek, shi ma a saka shi, ya zama ido na uku. Kada a kwafi takardar a buɗe sabuwa a tsakiyar aiki, kwafi ba ya tafiya da tarihi. Kada kuma a saita ta yadda duk mai adireshin zai iya gyarawa, a gayyaci mutum da imel ɗinsa, in ba haka ba sunan mai rubutu ba zai fito ba.

Nauyin Google Docs fa? Yana buƙatar asusun Google, irin na Gmail, wanda kusan duk mai wayar Android yana da shi ko bai sani ba. Google na ba da gigabayit 15 kyauta, kuma rubutu ba ya cin wuri, sai dai a tuna cewa imel da hotuna da ajiyar WhatsApp duk daga wannan kason suke ci. Rubuta shafi sittin da babban yatsa a waya azaba ce, kuma tarihin ya fi fitowa sosai a kwamfuta. Ana iya saita takarda ta yi aiki ba intanet, ta haɗe gyaran in sabis ya dawo, amma sai an saita tun da wuri. Mu a nan ba ma ɗaukar wannan da wasa: a watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-ma da Funtuwa da Malumfashi, aka shafe watanni. Duk tsarin da ya dogara da intanet ɗari bisa ɗari ba namu ba ne. Ɗalibi ya riƙa sauke kwafi a waya ko filash duk mako. Wani abin kuma, in an zo ɗaurin ƙarshe, lambobin shafi da jadawali kan ɗan goce idan aka mayar da takardar Word, don haka a ware yini guda na daidaita tsari kafin a kai wa mai bugawa.

Wanda ya saba da Word ba dole ne ya rabu da shi ba. Yana da nasa tsarin bin sawun gyara, kuma ya fi ƙarfi wajen tsara shafi da lissafi. Amma in ana yawo da fayil ɗin ta WhatsApp ko filash, ɗalibi na iya karɓar dukkan gyare-gyare da dannawa ɗaya sawun ya ɓace. Sai an ajiye shi a OneDrive, rumbun ajiya na intanet na kamfanin Microsoft mai gigabayit 5 kyauta, sannan yake kusantar abin da Google Docs ke yi.

Rubutu rabin magana ne, saura madogara. A zaurukan malaman Katsina, tun zamanin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ba a raina tambayar "a wurin wa ka ɗauko wannan karatu?", kuma jerin manazarta a ƙarshen furojek amsar wannan tambayar ce. Zotero, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006 don tattarawa da tsara madogara, kyauta ne, kuma yana ba malami damar buɗe ɗakin karatu na rukuni. Duk muƙalar da ɗalibi ya ce ya karanta sai ya saka ta a ciki, da cikakken bayaninta da ɗan taƙaitawarsa. Littafin da babu shi a duniya ba zai samu shiga ba tare da an lura ba. Yana haɗuwa da Word da Google Docs ya jera manazarta a tsarin APA ko wani da kansa, abin da ke cinye wa ɗalibai kwanaki. Iyakarsa ita ce megabayit 300 na fayiloli kyauta, kuma na rukuni daga kason wanda ya buɗe shi ake cira, amma bayanan littattafai zalla ba su da iyaka. Mendeley, mai irin wannan aikin, mallakar kamfanin Elsevier tun 2013, yana ba da gigabayit 2, sai dai ni na fi natsuwa da Zotero saboda ba na kamfanin da ke sayar da mujallu ba ne, kuma yana aiki sosai ba intanet. Dukkansu sun fi daɗi a kwamfuta. Ga ɗalibin digirin farko da ba shi da ita, shafi ɗaya a Google Docs da za a riƙa jera kowace madogara da adireshinta ya wadatar.

Wajen tattara bayanai a fili kuwa, Google Forms yana da sauƙi amma sai da intanet, kuma sai mai amsa ya iya karatu yana da waya. Wanda zai shiga kasuwar Charanci ko ta Mai'aduwa ya tambayi 'yan tireda da manoma, KoboToolbox ya fi dacewa da shi. Ana sauke tambayoyin a waya, a cike su ba sabis, a tura in an dawo gari, kuma ana iya saita shi ya riƙe lokacin fara kowace hira da lokacin gama ta, har da wurin da aka yi ta. Hira hamsin da aka yi a wuri ɗaya cikin awa ɗaya ba za ta ɓuya ba.

Ga masu digiri na biyu da na uku akwai mataki na gaba. Dandalin OSF na Cibiyar Buɗaɗɗen Bincike da aka kafa a Amurka a 2013 yana ba mai bincike damar rajistar tambayarsa da hanyar da zai bi kafin ya fita fili, a kulle da kwanan wata, don kada daga baya a lanƙwasa hasashe ya dace da sakamako. Ba banza aka damu da wannan ba. A 2015 cibiyar ta jagoranci maimaita bincike 100 na ilimin halayyar ɗan'adam. A asali 97 daga cikinsu sun ba da sakamako mai ƙarfi, da aka maimaita kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da shi. OSF na ba da gigabayit 5 ga aikin da ke rufe, 50 ga wanda aka buɗe. Dandalin Zenodo na cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, shi ma yana karɓar kundi da bayanai kyauta, ya ba su lambar DOI ta dindindin. Ban ga dalilin ɗora wa ɗan aji huɗu na jami'a wannan nauyin ba, amma mai neman digirin digirgir da ke son a ambaci aikinsa a waje ya kamata ya san su.

Buɗe aiki yana da iyaka, kuma a jiharmu iyakar ta shafi rai. Ɗalibin da ya yi hira da 'yan gudun hijira daga Batsari ko Jibiya, ko da matan da aka sako daga hannun 'yan bindiga, ko da masu jinya a asibiti, ba shi da hurumin zuba muryoyinsu da sunayensu da taswirar gidajensu a guruf, balle a Facebook. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhaki a kan mai tattara irin waɗannan bayanai, kuma tun kafin doka akwai amana. Abin da ake buɗewa shi ne hanya: yadda aka zaɓi mutane, tambayoyin da aka yi, yadda aka yi lissafi. Sunaye a maye su da lambobi, jerin asali ya zauna a wuri ɗaya mai lambar sirri wanda ɗalibi da malaminsa kaɗai ke buɗewa, a kuma kashe ɗaukar wuri a Kobo in ƙauyen na cikin hatsari. Haka ma gyara mai zafi. Ɗalibai su ga jadawalin ci gaban juna yana ƙarfafa gwiwa, amma kurakuran mutum a takardarsa ake faɗa masa, ba a gaban aji ba.

Da za a ce in tsara wa malami mai ɗalibai goma na digirin farko, zan ce ya bar WhatsApp a matsayin mai kira kawai, ba a tura babi a cikinsa. Kowane ɗalibi ya buɗe takarda ɗaya a Google Docs, a kuma yi shafi ɗaya na kowa da kowa mai nuna ranar da aka miƙa kowane babi da ranar da malami ya mayar. Telegram sai in ana da tarin littattafan da za a raba wa aji, ko ɗalibai mata sun nemi a sakaya lambobinsu. Inda yawancin ɗalibai ke zaune a garuruwan da sabis ke wahala, a bar su su yi rubutu a Word, amma duk ranar Juma'a su ɗora abin da suka yi a jaka ɗaya ta Google Drive da kwanan wata a sunan fayil. Zaman farko da ɗalibai kuma kada a kashe shi a kan zaɓen take kaɗai. A ɗauki awa ɗaya kowa ya fito da wayarsa, ya buɗe takardarsa, ya gayyaci malam da jami'in furojek, ya rubuta jimla ɗaya, sannan a buɗe tarihin a gabansu su ga sunansu da lokacin da suka rubuta ta.